Masu kwangilar girkin walimar Sallah a Kano: abin da suka iya, da abin da ya kamata ya zauna a hannun masu gida

Da zarar an ga watan Zulhajji, wayoyin masu girkin biki a Kano ba sa hutawa. Yawancinsu mata ne, kowacce da 'yan aikinta, kuma da yawa sun daina tsayawa a girki kaɗai. Yanzu kwangila guda suke karɓa: abinci, abin sha, rumfa, kujeru, tebura, faranta da masu rabo, duk a kuɗi ɗaya. Tallarsu na yawo a WhatsApp da Instagram da hotunan dafa-duka mai sheƙi. Wannan sharhi a kan irin wannan kwangila ne, ta masu matsakaicin ƙarfi ba ta manyan otal ba, ga gidan da zai tara dangi da abokan arziki mutum 100 a walimar Babbar Sallah.

Hukuncinmu a taƙaice: aikin ya cancanci kuɗinsa a ɓangaren shinkafa, kayan zama da wanke-wanke. Yana da rauni a kan lokaci, a kan waina da tuwo, da kuma abin sha na gargajiya. Nama kuwa, kada a taɓa sakin lissafinsa ga kowa.

Sai a fara da rana, domin ita ke gyara ko ɓata sauran. Ranar Sallah kanta ita ce mafi muni ga wannan kwangila. 'Yan aikin ma suna da idinsu da layyarsu, rabinsu sun tafi ƙauye, masu akori-kura da ke ɗaukar kujeru ba sa fitowa sai da rana. Washegari, a shekarar da ake hawa, Hawan Daushe kan toshe hanyoyin cikin gari da ke kewayen gidan Sarki tun bayan Azahar, don haka kular abincin da za ta ratsa ta wajen Ƙofar Kudu za ta iya kwashe awanni a cikin a daidaita sahu. Rana ta uku akwai Hawan Nassarawa da safe, amma kafin La'asar hanya ta buɗe. Yammacin rana ta uku ko rana ta huɗu su ne suka fi dacewa: an gama suyar nama a gidaje, 'yan aiki sun dawo, kasuwar 'Yan Kaba ta fara samun sabon kayan miya. Mai girkin da ta amsa kwangilar ranar Sallah ba tare da ko ɗan ja ba, a tambaye ta gidaje nawa ta amsa wa a wannan rana.

Mutum 100 a takardar gayyata ba mutum 100 ba ne a tsakar gida. Sallah ce. Yara 'yan yawon Sallah za su shigo ayari-ayari, maƙwabta sai an aika musu da kwano, almajirai na bakin ƙofa, kuma kowace baƙuwa da goyonta da 'yar rakiyarta. Masu kwangila na lissafi ne da faranti, kuma iya abin da aka faɗa musu suke dafawa, ba ƙari. Wanda ya gayyaci 100 ya yi ciniki a kan 140 zuwa 150.

A dafa-duka ne suka fi nuna gwaninta. Dafa kwano bakwai ko takwas na shinkafa a tukunya guda ba tare da ta caɓe a sama ta kama a ƙasa ba, aiki ne na wanda ya saba, kuma uwargidan da ta ƙware a tukunyar gida ma kan sha mamaki a nan. Suna amfani da turararriyar shinkafa, su wanke ta da ruwan zafi, su soya kayan miya har ruwansu ya ƙone mai ya taso, sannan su rage wuta su rufe bakin tukunya da buhu ko leda mai kauri, tururi ya ƙarasa dahuwar. Wadda aka dafa a kan itace ta fi ta gas ƙamshi, kuma yawancinsu itacen suke so. Ma'aunin da za a riƙe: buhu mai kilo 50 kan ba da kwano 20 na Kano, kwano ɗaya kuma kan ƙosar da manya 18 zuwa 20 in akwai wani abincin a gefe. Faranti 150 ke nan kwano takwas ya isa, da man gyaɗa kamar lita uku zuwa huɗu. In mai girki ta rubuto buhu guda cur don mutum 150, to akwai shinkafar wani gidan a cikin lissafin.

Abin da ke rage wa dafa-dukar daraja a wannan lokaci shi ne tumatir. Babbar Sallah ta faɗo ranar 16 ga Yuni a 2024 da 6 ga Yuni a 2025, kuma tana ja baya da kwana goma sha ɗaya ko kusa da haka kowace shekara. Wannan tsakanin, tumatirin rani na Kadawa da Kura ya ƙare, na damina bai shigo ba, kwando ya yi tsada. Masu kwangila sai su koma kauɗa da tumatirin gwangwani. Ba laifi ba ne in an yi shi daidai: kauɗa na buƙatar a jiƙa ta, a wanke ƙasar jikinta sau biyu ko uku kafin niƙa, na gwangwani kuma a soya shi sosai har tsaminsa ya mutu. In an yi gaggawa, shinkafar kan fito baƙi-baƙi, da ɗan tsami a bayan harshe, wani lokaci har da ƙasa-ƙasa a haƙori. A tambaya tun wajen ciniki da me za a yi miyar, kuma a ce a ƙara tattasai don launi.

Babbar matsalar wannan sana'a ita ce tazarar da ke tsakanin sauke tukunya da cin abinci. Mai kwangila uku a rana ɗaya tun Asuba take ɗora wuta, ƙarfe tara ta gama ta zuba a kuloli, walimar kuwa sai bayan La'asar. Kula mai kyau, cike taf, ba a buɗe ta ba, kan riƙe zafi na awa huɗu zuwa biyar. Wadda aka cika rabi, ko murfinta ya saki, ba ta kai haka. Tururi kan taru a murfi ya riƙa ɗiga, ƙasan shinkafar ya jiƙe, daga nan lalacewa ke farawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada dafaffen abinci ya wuce awa biyu a ajiye ba zafi ba sanyi, kuma wanda za a ajiye da zafi ya zauna sama da digiri 60. Shinkafa na da nata haɗarin na musamman: akwai ƙwayar cutar da dahuwa ba ta kashe ƙwanta, tana farfaɗowa in abinci ya yi ɗumi-ɗumi, kuma gubar da take bari ɗumame ba ya kawar da ita. Amai da gudawar da kan kama rabin dangi daren walima, a ce wai naman Sallah ne ya yi yawa, sau da yawa daga nan suke.

Gwajin mai sauƙi ne. In kula ta iso, a buɗe, a tura ludayi har ƙasa ta gefe a ɗebo. Tururi ya kamata ya bugi fuska, shinkafar ƙasa ta fito a warware, zafinta ya hana a riƙe ta a tafin hannu. In ta fito a dunƙule, da danshi, tana ɗan yauƙi tsakanin yatsu, kada a raba ta ko da ƙamshinta bai canza ba. Maganin da ya fi shi ne a sa a cikin sharaɗi cewa a gidan walimar za a yi girkin, ko a fili kusa da shi, a sauke awa ɗaya kafin rabo. Masu kwangila kan ƙara kuɗi a kan haka saboda jigilar tukwane da itace, kuma wannan ƙarin ya fi duk wani ado da za a biya daraja. In babu wurin girki, a raba kawowar gida biyu: na mata da yara da Azahar, na maza bayan La'asar.

Haɗin kabeji da karas mai kirim, wanda suke son ɗorawa a gefen shinkafa cikin robar tekawe, a hana. Rufe shi tare da shinkafa mai zafi na awa biyu a zafin Kano ya isa ya lalata robar gaba ɗaya. In ana so, a yanka kayan a ajiye a sanyi, a zuba kirim lokacin rabo, a faranti daban.

Waina da tuwo kuwa, a nan ne kwangilar ke yawan ba da kunya, ba don ba su iya ba, sai don abinci ne da ba ya son jira. Wainar da ta yi awa uku a kula ta saki, gefenta mai ƙaras-ƙaras ya tafi, ta koma danƙo. Lissafin ma bai goyi bayan a yi ta da yawa a nesa ba. Mutum 100 a waina uku-uku 300 ke nan, wato kwano uku zuwa huɗu na farar shinkafa. Tanda mai gurbi 12 na ɗaukar kamar minti biyar a kowane zubi, zubi 25, sama da awa biyu a tanda ɗaya ba tsayawa. Kafin ta ƙarshe ta fito ta farko ta huce. Abin da ke aiki shi ne tanda biyu da mata biyu a tsakar gidan, ana toyawa ana ɗauka. Ƙullin ma a kula da shi: a zafin wannan lokaci yis na tashi da wuri, ƙullin da aka kwaɓa tun dare ya kan yi tsami kafin rana, sai a yi ta zuba ruwan kanwa don kashe tsamin har wainar ta yi ja ta ɗauki warin kanwa. Gara a kwaɓa da sassafe. Gaskiya, kowace unguwa a Kano tana da mai wainar da ta shekara ashirin a bakin tanda, kuma ɗaukar ta na yini ɗaya ya fi sa waina a cikin kwangila sauƙi da daɗi.

Tuwon shinkafa ya fi waina haƙuri in an malmala shi a leda an jera a kula, amma miyar taushe ba ta da wannan haƙurin. Gyaɗa da kabewa da alayyafo na saurin juyawa. Ta zauna a kan garwashi kaɗan har a gama rabo, a riƙa motsa ta don kada ta kama. Dattawan da za su zo walimar galibi tuwon nan za su nema kafin dafa-duka, don haka malmala 40 zuwa 50, daga kwano biyu da rabi, ba ta yi yawa ba.

Sai nama. Yawancin masu gida kan ce su za su ba da nama daga ragon layya a rage musu kuɗi. Daidai ne, amma a yi lissafi da farko. Matsakaicin rago bai cika wuce kilo 15 zuwa 20 na nama da ƙashi ba bayan fiɗa. Kilo ɗaya na ba da yanka 12 zuwa 15 masu kyau, kuma suya na ƙanƙantar da su sosai. Faranti 150 a yanka biyu-biyu 300 ke nan, sama da kilo 20. Rago guda ya tafi kaf, babu na sadaka, babu na maƙwabta, babu na ajiya. Wanda bai yanka sa ko raguna biyu ba, ya haɗa da kaji: kaza ɗaya yanka takwas, kaji 20 sun ba kowane faranti yanka ɗaya, naman rago ya zama na biyu.

Hanyar da ba ta kawo rigima ita ce a yanka naman a gida, a ƙirga, a tafasa a soya a gida, a miƙa wa masu rabo a ƙirge lokacin da za a fara zubawa, romon kuma a ba mai girki ta sa a shinkafa. In dole a kai mata ɗanye, a auna a gabanta a yi magana a fili: "Hajiya, kilo ashirin ne, yanka nawa za ki fitar mana?" Amsarta a rubuta. Ba zargi ba ne. Nama na bi ta hannu biyar ko shida tsakanin wuƙa da faranti, kowa kuma yana da yara a gida, kuma ƙirga na kare mutuncin mai girkin kanta. Wani abin da ake sakaci da shi: naman layya ba a biyan lada da shi. Ba a ce wa mai girki ko mahauci ya ɗauki cinya ko fata a madadin kuɗin aikinsa. A biya su kuɗinsu cikakke, abin da aka ba su na nama ya zama kyauta.

Farfesun kayan ciki ba na kwangila ba ne sam. Kayan ciki ranar yanka ake wanke su a dafa ko a soya, ba sa jiran rana ta uku sai a firiza mai tsayayyiyar wuta.

A abin sha, ruwa da lemon kwalba ba su da wata dabara, kuma sayensu da kai a kasuwar Singa ya fi arha a kan barin su cikin kwangila. Ledar fiya wata na da guda 20, a lissafa uku ga kowane mutum a wannan zafi, leda 23 zuwa 25 ke nan. Ƙanƙara ce ke yanke wa mutane hanzari: ranakun Sallah tana ƙarewa tun hantsi, sai an biya mai ita tun jajibiri ya ajiye. A jera abin sha a durom ko babban baho awa biyu kafin baƙi, ƙanƙara a sama ba a ƙasa ba, a rufe da buhu. Zoɓo da lamurje na jure yini in da sanyi, kuma masu kwangila na yin su da kyau, sai dai su kan cika sukari. Kunun aya kuwa kada a yarda a kawo shi daga nesa. Awa kaɗan ba sanyi ya isa ya yi tsami ya kumbura gora. Ko a yi shi a gida da hantsi ya shiga ƙanƙara nan take, ko a haƙura da shi.

Rumfa da kujeru ba nasu ba ne galibi, su ma haya suke ɗaukowa su ɗora ribarsu. Duk da haka ɓangaren na da amfani, domin samun kujera a satin Sallah ba tare da sanayya ba wahala ne. Kujerun roba da dozin ake ba da su. Ba a buƙatar 150: mata da yawa sun fi son tabarma da kafet a cikin gida, yara ba sa zama, maza kuma zuwa suke suna tafiya. Dozin shida a ƙofar gida da dozin biyu a ciki sun wadatar, da rumfa uku a waje, ɗaya a tsakar gida in akwai fili. A ƙirga kujerun lokacin saukewa, a ware masu tsagaggen ƙafa a nuna wa direba tun bai tafi ba, in ba haka ba gobe a kan mai gida za a ɗora su.

Ɗaurin rumfar shi ne abin dubawa da ido. Farkon damina a Kano hadari na zuwa da iska mai ƙarfi kafin ruwa, yawanci da yamma, daidai lokacin walima. Yaran da ke kafa rumfa in an bar su sai su tsayar da ƙafafun ƙarfen a kan ƙasa kawai su tafi gida na gaba. Rumfar da ba a ɗaure ba iska na ɗaga ta ɗungurungum, ta kifar da ita kan mutane ko gilashin mota. Kowace ƙafa ta samu turke da igiya, in daɓen siminti ne a ɗaura mata buhun yashi ko bulo biyu, rumfunan da ke jere kuma a ɗaure su da juna. Tamfol ɗin ya ɗan karkata gefe guda don kada ruwa ya taru a tsakiya. In rumfar za ta ci wani ɓangare na layi, a sanar da mai unguwa da maƙwabta tun kwana biyu, a bar hanyar da mota za ta wuce.

Janareta, fanka da fitilu ba sa cikin kwangila sai an ambata. Janaretan ya zauna a fili nesa da rumfa, ba a soro ko lungun da iska ba ta ratsawa ba, domin hayaƙinsa na kisa ba tare da an ji wari mai yawa ba. Haka butoci, ruwan alwala da shimfiɗar sallar La'asar da Magariba: babu mai kwangilar da ke tunawa da su, na mai gida ne.

Masu rabo su ne fuskar aikin, kuma a nan ingancin ya bambanta ƙwarai daga wata Hajiya zuwa wata. Na kirki sun zo da mata masu shiga cikin gida da samari na waje, sun san a fara da dattawa. Na banza kan zuba wa layin farko rabin abinci, su cika faranti har yana zuba, baƙin bayan Magariba su tarar da ƙanzo. Baƙo ba ya sanin wane ne kawun mai gida, wace ce surukar da ba a yi wa jinkiri. Dole a tsayar da mutum biyu na gida, mace a ciki namiji a waje, su ne masu cewa a buɗe kula kaza, a kai wa wane. Kula ɗaya cikin huɗu a ɓoye ta a ɗaki a rufe, ba a taɓa ta sai bayan Magariba. Masu rabo shida sun isa taro irin wannan, huɗu a ciki biyu a waje, domin aikin cikin gida ya fi yawa.

Wanke-wanke da kwashe shara, in an sa su a sharaɗi, suna yin su da sauri da tsabta, kuma wannan kaɗai kan sa matan gida su ce kuɗin ya halatta, domin su ma sun samu zama da baƙinsu maimakon yini a bakin murhu. In ba a ambata ba, da sun kwashe kulolinsu sun tafi.

Gidan da baƙinsa ba su wuce 40 ba bai buƙatar wannan kwangila. Kwano uku na shinkafa matan gida da 'yar aiki ɗaya sun dafa shi, kujeru dozin biyu a karɓo a unguwa. Daga 80 zuwa sama ne take fara biyan kanta.

Wajen biya, kafin alƙalami na rabin kuɗi ko ɗan fiye abu ne da aka saba, tunda da shi za a yi cefane, kuma ana so a bayar da shi kwana goma kafin Sallah, tun kayan ba su ƙara tashi ba. Kada a cika sauran sai abinci ya iso an duba. Duk abin da aka yi magana a kai a tura shi a saƙon WhatsApp guda ta amsa da "na yarda": yawan faranti, kwanon shinkafa, yankan nama a kowane faranti, inda za a yi girki, ƙarfe nawa za a sauke, yawan masu rabo, kujeru da rumfa, wanda zai biya kuɗin mota zuwa da dawowa, da kuɗin kujera ɗaya in ta karye ko ta ɓata. Kujerun kuma a tattara su a ƙirga a shigar da su gida a daren, domin masu haya ba sa zuwa ɗauka sai washegari, kuma duk wadda ta kwana a layi ta yi ƙafa, mai gida ne zai biya.